Makunnin Ɗakin Tsohuwa

"Lafiya lau na tashi, sai yanzu da na gan ka," tsohuwar ta ce wa jikanta. "Shigo, sarkin duhu. Ka bar mini wannan ƙazamin takalmin a waje."

Ni kafinta ne, kuma ba sauraron wannan ya kawo ni gidan ba. Ɗan tsohuwar ne ya kira ni in kwance gadonta da kwabar kayanta a kwashe a kai gidansa. Fitilar ɗakinta ce ta lalace, tana kamawa tana ɗaukewa, har tsohuwar ta faɗi a ɗakin ta gurɗe hannu. Ya ce ba zai bar uwarsa ita kaɗai a ɗakin da wuta ke wasa da mutane ba. Ita kuma ta ce sai dai a fitar da gawarta. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa ɗansa, wato jikanta, mai aikin wayarin, wanda da ma shi ya yi mata wutar ɗakin, ya zo ya duba. In ya gyara gyara na gaske, gado ya zauna. In ya kasa, in kwance kafin yamma.

Sai na ajiye akwatin kayan aikina a bakin ƙofa na zauna a kai. Bayana na ciwo, ga wani aikin yana jirana. Kaka da jika kowa ya san ba sa gaisawa sai da tsiya, amma waɗannan biyun sun wuce misali.

"Amarya, haka ake tarbar miji?" in ji jikan. Dogo ne, sai da ya sunkuya ya shigo. "Ko ruwa babu?"

"Mijin da ya bar ni a duhu? Ai na sake ka tun ranar da ka liƙa mini wannan rediyon a bango."

"Mace ba ta saki."

"Ni na yi, kuma ka saku."

Abin da take kira rediyo makunni ne mai murɗawa, irin wanda ake ƙara haske da shi ko a rage. Ya sa mata shi ne bayan an yi mata aikin ido, saboda haske mai ƙarfi yana sa ta hawaye.

"Wannan makunnin manyan gidaje ake sa wa," in ji shi. "Ke dai ba ki saba da abin arziki ba ne."

"Abin arziki ba ya kukan sauro. Na tsufa da makunnina na da. Ƙas, ya kama. Ƙas, ya mutu. Ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Ka zo da dogayen ƙafafunka ka cire, ka bar ni da fitilar da ke ƙyafta mini ido kamar ɗan iskan tasha."

"To ki gode mata. Wa ya rage a duniya da zai ƙyafta miki ido?"

"Kakanka ya yi, kuma ya fi ka kyau nesa ba kusa ba. Kai hancin ma rabi aka ba ka."

"Mu ga hannun."

"Waya ba ka iya ba, ƙashi za ka iya? Je ka yi abin da aka kira ka."

Ya ja labule ya rufe taga, ɗakin ya yi duhu. Ya murɗa makunnin. Fitilar ta kama, ta yi rawa, ta dushe, ta dawo, wani ɗan ƙara na fita zzz, sannan ta ɗauke gaba ɗaya.

"Yaushe ta fara haka?"

"Ranar da aka haife ka."

"Da gaske nake tambayarki."

"Kai ka san gaske? Ina ka taɓa haɗuwa da ita?"

"Da farko ƙyaftawa take, ko ɗaukewa?"

"Da farko lafiyarta ƙalau, sai da ta gane wanda ya sa ta, kunya ta kama ta."

Ya fita ya kunna ta kicin, ya kunna ta banɗaki, ya kunna ta falo. Duk suka kama tar.

"Kin gani," in ji shi daga can. "Ba daga layi ba ne. Kicin lafiya, banɗaki lafiya. Ɗakinki ne kawai. Wuta ma ta san inda ake masifa."

"Kicin da banɗaki ba kai ka yi musu waya ba."

"Ni na yi."

"To Allah ne ya tsare su."

Ni ba mai wuta ba ne, amma da ni ne da daga kwan fitilar zan fara. Na faɗa masa haka. Ya ce kwan sabo ne, irin wanda ke tafiya da wannan makunnin, shi ya saya da hannunsa. Gaskiyar magana, so yake ya fara wanke makunninsa daga zargi. Ya je akwatin wuta da ke lungun falo ya kashe layin ɗakin.

"Kafinta, don Allah tsaya mini a nan," in ji shi. "Kada ka bar matar nan ta matso kusa. Ɗagawa za ta yi ina riƙe da waya, so take ta gaje ni."

"In gaji me?" in ji ta. "Filaya mai tsatsa da wando mai faci? Ko mabaraci ba zai karɓa ba."

Na tashi na tsaya a lungun, inda nake hango cikin ɗakin. Ya ɗaga labule don ya ga abin da yake yi, ya kwance makunnin daga bango. Kafin ya taɓa komai sai da ya ɗora testa a kan wayoyin ya tabbatar babu wuta. Wannan kam na yaba masa a zuciya. Ya ja kowace waya, babu mai motsi. Ya sunsuna, babu ƙauri.

"Cinye shi za ka yi?" in ji ta. "Ba a ba ka abinci a gida ne?"

"Ji nan, tsohuwa. Zan cire makunnin in haɗa wayoyin biyu kai tsaye, babu shi a tsakani. In fitila ta daina rawa, laifinsa ne, in tafi da abina. In ba ta daina ba, a gaban kafinta za ki ba shi haƙuri."

"In ba roba haƙuri?"

"Da durƙuso."

"Gwiwar da ban durƙusa wa ubanka da ita ba?"

"Ai ke kika haife shi."

"Shi ne babban kuskurena. Da ban yi ba da ba a same ka ba."

Ya haɗa wayoyin, ya naɗe da salatif, ya ce in ɗaga. Na ɗaga. Fitilar ta kama da dukan ƙarfinta, tsohuwar ta kare ido da gefen mayafi. Hasken ya tsaya cak. Ta fara buga cinya da hannunta mai lafiya.

"Ka gani! Kafinta, kai ne shaida! Ɗauki rediyonka ka..."

Ba ta ƙarasa ba fitilar ta yi rawa, ta dushe, ta mutu.

Jikan ya ɗaga makunnin sama yana taka rawa, ƙaton mutum da shi. "Durƙusa! Ga shi nan yana jira! Ki ce, ranka ya daɗe, na yi maka ƙazafi!"

"Kai ka koya mata. Kun haɗa baki."

Na ce masa, "Makunninka ya wanku. Wutar dai ba ta gyaru ba, rana kuma tana tafiya."

Ya daina rawar. Tsohuwar ta kalli gadon, ta kalli akwatina da ke bakin ƙofa. Tsohon gado ne na katako mai nauyi, irin wanda ba a yi yanzu. In na kwance shi, ban ce zai koma yadda yake ba. Ta ɗora hannu a kan katakon wajen kai ta bar shi a nan.

"Buga ƙofar," in ji ta.

"Me?"

"Kurma ne kai? Buga ƙofar da ƙarfi. Haka nake mata."

Ya buga. Fitilar ta dawo, tana rawa.

"Shi ne ba ki faɗa ba tun ɗazu? Wannan ai sako-sako ne. Akwai inda waya ba ta kama da kyau ba."

"Na san wurin. Tsakanin kunnuwanka."

Na sake kashe layin. Ya fita ya shigo da ɗan tsaninsa. Rufin ɗakin ba shi da tsawo, kwan kuma yana rataye ne a jikin guntuwar waya, a tsakiyar ɗaki. Taki biyu ya yi kansa ya kusa taɓa sili.

"A hankali," in ji ta. "Kada ka fasa mini rufi da wannan ƙoƙon."

Yana taɓa kwan sai ya juya a hannunsa, ko gama ɗaure shi ba a yi ba. Ya cire, ya sa a aljihu. Ya buɗe holdar, wato abin da ake ɗaura kwan a ciki. Na ji ya ja tsaki.

"Me ka gani, injiniya?"

Ya yanke holdar da filaya ya sauko da ita, ya kawo mini bakin ƙofa inda akwai haske. Cikinta ya yi baƙi. Wayar da ta shiga cikinta ta murɗe kamar igiya, ta ƙone, 'yan siraran zare ne kawai suka rage suna riƙe. Ya ciro kwan daga aljihu ya juya shi, ya kai hanci.

"Kafinta, sunsuna mini wannan."

Na sunsuna. Man zafi ne, irin wanda tsofaffi ke shafa wa gwiwa. Ga shatin yatsu nan na maiƙo, ko'ina a jikin kwan.

Ya juya a hankali. "Amarya. Kwan fitilar nan ciwon gwiwa yake yi?"

"Ka tambaye shi."

"Wa ke shafa masa man zafi?"

"Ɓeraye."

"Ɓeraye."

"Gidan nan cike yake da su. Manya-manya."

"Masu yatsu biyar."

"Na ce maka manya ne."

"Su suke buɗe kwalbarki su shafa, su hau sili, su murɗe kwai, su sauko su rufe kwalba?"

"Sun fi ka tarbiyya. Kai in ka buɗe abu ba ka rufewa, musamman bakinka."

"Holdar nan ba haka na bar ta ba. Murɗa ta ake yi kullum, a sassauta kwai, a ɗaure, a sassauta, a ɗaure, har wayar ta gaji. Kin san da an ƙara kwana kaɗan da wuta ta kama silin nan?"

"Da ka yi aiki mai kyau da ta jure."

"Kuma ke ko ɗaga hannu kika yi ba ki kai can ba. Tsawonki duka bai fi na tulu ba."

Ya tsaya yana kallon ɗakin. Ya leƙa bayan ƙofa, ya leƙa bayan kwaba. Sannan ya durƙusa ya sa hannu ƙarƙashin gado.

"Fita mini daga ƙarƙashin gado, marar kunya! Me ka ajiye a can?"

Ya jawo wata doguwar kujera ta katako, marar majingina, irin ta kicin, an kwantar da ita an tura can ƙurya. Ya miƙo mini. Ƙafarta guda ta tsage wajen mahaɗi. Na duba tsagar. Katakon ciki fari ne fat, ko ƙura bai yi ba.

"Tsohuwar tsaga ce?" ya tambaye ni.

"Sabuwa ce," na ce. Tsohuwar ta harare ni. Ni aikina ke nan, ba zan ce wa sabon katako tsoho ba.

"To," in ji jikan. "Ba duhu ne ya kayar da ke ba. Daga kan wannan kika faɗo."

"Ban faɗo ba. Saukowa na yi da sauri."

"Hawa kike yi kullum?"

"In zan kwanta in hau in sassauta, da safe in hau in ɗaure. Sai me? Na hau bishiyoyin da suka fi gidan ubanka tsawo."

"Da gwiwar aro? Da idon da aka yi wa faci? Kina taɓa holda da wuta a jikinta, da hannu mai maiƙo? Me ya yi zafi?"

"Rediyonka ne ya yi zafi! Ba ya mutuwa! In murɗa, in murɗa, har ya ƙure, fitila ta bar ido ɗaya a buɗe tana kallona kamar kyanwa. Ni ba na iya barci da haske. Kuma tana nan tana shan wuta a banza har gari ya waye."

"Murɗawa ai rage haske take yi. Dannawa ake yi ya mutu!"

"Ƙarya kake."

"Na gaya miki! Ranar da na sa shi na gaya miki!"

"Me ka ce? Maimaita a gaban kafinta, yadda ka faɗa."

Ya ɗan sosa ƙeya. "Na ce in kin gaji da shi, ki danne masa hanci, sai ya mutu."

"Kana yin me?"

"Ina... dariya."

"Kana dariya har da riƙe ciki. Kafinta, ka ji fa. Wannan yaron shi ne ya ce mini in wayata ta ƙi shiga in ɗaga ta sama in daka mata tsawa. Na yi, a gaban baƙi. Shi ne ya ce sabuwar tukunyar wuta ba ta dafa abinci sai an gaishe ta. Na gaishe ta, yana laɓe yana ɗaukata hoto, ya tura wa dangi kaf. Har yau 'yan'uwansa in sun zo sai su tambaye ni ya tukunya ta kwana. Shi ne zai ce in danne wa bango hanci, in danna? Na ce wallahi wannan karon ba za ka same ni ba."

"Wannan karon gaskiya ce!"

"Da me zan gane? Fuskar ɗaya ce, munin ɗaya ne."

"Me ya hana ki gwada bayan na tafi? Babu mai ganinki."

"Ni ina ganin kaina."

"To ki kira ni ki tambaya mana."

"In tambaye ka? In ba ka abin dariyar shekara da hannuna? Tsohuwa ta kasa kashe fitila?"

"Ko Baba."

"Ubanka jira yake ya ji na kasa wani abu. In ce masa na kasa kashe fitilar ɗakina? Da tuni gadon nan yana gidansa, ni ina zaune a ɗakin baya ana leƙo ni kamar marar lafiya."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Ni dai abin da na gani shi ne mutum biyu da tun jikan yana goye ba su taɓa gaya wa juna magana a miƙe ba, ranar da aka faɗi guda ta gaskiya babu mai ɗauka. Na ce masa ya gyara wutar, surutu ba ya ɗaure waya.

Ya hau. Ya yanke inda ya ƙone ya fere sabon wuri, ya ciro sabuwar holda daga jakarsa ya ɗaure, ya ja ya ga ta kama. Ya goge kwan da gefen rigarsa ya mayar. Ya sauko ya warware haɗin da ya yi a bango, ya mayar da makunninsa ya ɗaure. Duk wannan bakinta bai huta ba.

"Ka karkatar da shi."

"Idonki ne a karkace."

"Likita ya gyara nawa. Naka wa zai gyara?"

Na ɗaga layin. Ya rufe labule, ya murɗa. Fitilar ta kama, babu rawa, babu kukan sauro. Ya ƙara, ta ƙaru. Ya rage, ta ragu. Ya buga ƙofa da ƙarfi, ko gezau. Ya murɗa har ƙarshe, ga ɗan jan hasken nan da take faɗa, kamar garwashi.

"Ga idon kyanwarki. Taso ki danna."

"Ba zan danna ba."

"Wallahi mutuwa zai yi."

"Ka ajiye wayarka a ƙasa tukuna."

Ya ajiye.

"Kife ta."

Ya kife.

"Kafinta, kai babu wasa tsakanina da kai. Kai ka danna."

Na je na sa babban yatsa na danna. Ƙas. Ɗakin ya yi duhu ɗif. Na sake dannawa, ya dawo.

Ta taso tana jan ƙafa. Ta tsaya gaban makunnin tana hararar sa, ta waiwayo ta harari jikan. Ta danna. Ƙas. Ta danna. Ƙas. Ta yi ta yi har na daina kallo.

"Ashe yana da bakin magana," in ji ta. "Shi ne ya yi shiru duk wannan lokacin, munafuki. Halin mai shi."

Ana cikin haka wayar jikan ta yi ƙara a ƙasa. Ya ɗauka ya duba.

"Baba ne."

Tsohuwar ta koma ta zauna a bakin gado. "To ka ce masa an gyara. Ka ce holda ce. Ai ba ƙarya ba ne."

Ya bar wayar tana ƙara. Ya jawo kujerar ya ajiye tsakaninsu.

"Kaka," in ji shi.

"Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu."

"To me ya sa kake kirana da sunan kirki? Ina amaryar?"

"Kaka, ba wasa nake ba. Kujerar nan ba za ta sake kwana a ɗakin nan ba. In tana nan, yau labule ne ya zame, gobe gizo-gizo ne a sili, sai kin hau. In ba ki ba ni ita ba, zan gaya masa daga inda kika faɗo."

"Kujerata ce. Ta girme ka."

"Na sani."

"To na yi alkawari ba zan ƙara hawa ba."

"Alkawarinki? Ke da kika ce ɓeraye ne?"

"Kai ma ai ba za ka faɗa ba. Na san ka. Zolaya ce."

"Haka kika ce a kan makunni."

Wayar ta katse, ta sake kamawa. Ya danna, ya buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Kai, ina ta kira," in ji uban. "Yaya? Kafinta ya fara kwancewa?"

"Bai fara ba, Baba. Na gano abin da ya faru." Ya kalle ta. Ta ɗaga haɓa ta kalli bango. "Ranar da ta faɗi, ashe..."

Ta sa ƙafa ta ture kujerar. Kujerar ta zo ta buge shi a ƙwauri, sai da ya ɗaga ƙafa.

"Ashe me?" in ji uban.

"Ashe holdar ce ta ƙone, wayar ta kusa tsinkewa. Shi ya sa take ɗaukewa. Na canza, na gwada komai. Kuma abin da ya ɓata ta ba zai sake ɓata ta ba."

"Kai ba na yarda da bakinka in kana kusa da kakarka. Ku biyun ba a gane kanku. Ba ni kafinta."

Ya miƙo mini.

"Malam kafinta, tsakani da Allah, ta gyaru?"

"Tana kamawa, tana raguwa, tana mutuwa," na ce. "Da hannunta ta kashe, ina kallo. An buga ƙofa ba ta motsa ba."

Sai uban ya ce, "To bar gadon. Ka yi haƙuri da ɓata maka rana. Zan leƙo anjima in gani da idona."

Abin da ya tambaye ni na amsa. Na mayar da wayar.

Tsohuwar ta gyara mayafinta, ta shafa katakon gadon. Jikan yana murza ƙwauri.

"Kin kusa karya ni."

"Ƙafar taka ai ta yi yawa, ko an rage ba za a gane ba. Ɗauki kujerar. Kyauta na ba ka, kada ka je kana cewa ƙwace ka yi."

"Karyayyar kujera ce kyautar amarya?"

"Daidai darajar angon."

Ya rataya ta a kafaɗa, ya ɗauki tsaninsa. "Saura haƙurin da za ki ba makunnina. Kuma ki faɗa a gaban kafinta cewa na iya aiki. Ki ce duk garin nan babu kamata. Ki ce da ba don ni ba da yanzu kina ɗakin baya ana leƙo ki. Ki ce..."

"Zo nan. Sunkuyo, akwai abu a fuskarka."

Ya sunkuyo yana ci gaba da magana. Ta sa babban yatsa ta danne masa hanci da ƙarfi.

Ya yi shiru, baki buɗe.

"Kafinta, ka gani?" in ji ta. "Wannan ma yana aiki!"

Ta fashe da dariya har tana riƙe gurɗaɗɗen hannun, hawaye na zuba daga idon da aka yi wa aiki. "Je ka, na ba shi haƙuri. Ka iya, ɗan banza, ka iya. Fitar mini da ƙafafun nan daga ɗaki, zan kashe fitilata."